Ɗigo Kaɗan, Sannan Ka Danna

Mutum na farko da na yi wa sallama da Hausa a Ankara, babban birnin Turkiyya, shi ne ya fara cuta ta, ko da yake har yau ban tabbata shi ya ɗauki abin a matsayin cuta ba. Sunansa Sabi'u, mutumin Kiru ne, ya daɗe a ƙasar yana haɗa sababbin ɗalibai da masu gidajen haya. Da ya ji ni ɗan Burumburum ne ta Tudun Wada sai ya rungume ni a tashar mota, ya ce ai mu 'yan gida ɗaya ne, tsakanin Kiru da Tudun Wada wane nisa ne. Ya karɓi jakata, ya hana ni ɗaukar komai, muna tafe yana tambayata ko har yanzu ana cin kasuwar garinmu yadda ya sani.

Ɗakin da ya kai ni ba shi ne na hoton da ya turo mini ba. A ƙarƙashin ƙasa yake, tagarsa daidai da takalman masu wucewa, bangonsa kuma kullum a jiƙe. Daga nan zuwa jami'a sai na hau bas biyu. Na yi masa magana a hankali, don ban so ya ga kamar na raina ƙoƙarinsa. Dariya ya yi.

"Haba Malam Habibu, kai da ka zo neman ilimi ɗaki ne zai dame ka? Kwana kawai za ka riƙa yi."

Bayan na biya kuɗin haya, wayarsa ta daina shiga. Mai yiwuwa layi ya canza, ban sani ba.

Ya kamata in faɗi abin da ya kai ni. Tallafin karatu na samu don yin digiri na biyu, amma da sharaɗi. Zangon karatu na farko na gwaji ne. A ƙarshensa farfesar da ke duba aikina za ta rubuta wa kwamiti, in ta ce in ci gaba a sabunta mini tallafi da takardar zama, in ta ce a'a in tattara in koma gida. Gida kuwa an riga an san na tafi. Liman ya yi mini addu'a a masallacin unguwa, ƙannena sun fara ce mini Dakta tun kafin in ga jirgi. Duk safiya da wannan nake tashi.

Farfesar mace ce mai ɗan shekaru, ba ta da yawan magana, tana tafiya da sauri kamar wadda ta bar tukunya a wuta. Kowa a ɗakin gwaje-gwajen yana ce mata Hojam, wato malamata, ni ma haka na riƙa kiran ta. Abin da take bincike a kai shi ne ƙwayoyin halitta, waɗannan ƙananan abubuwa masu rai da aka gina jikin mutum da su, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. Ni da a zatona sinadarai kaɗai ke gaya wa ƙwaya abin da za ta yi. Ashe tana jin wurin da take zaune. Takan kama shi ta ja, kamar mai gwada igiya kafin ya jefa guga. Idan wurin mai tauri ne ya ƙi biyo ta, sai ta baje, ta miƙe ƙafafu, ta ɗaure jikinta da zaruruwa. Idan mai laushi ne ya biyo ta, sai ta zauna a dunƙule. Hojam ta ce wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin hanta mai ciwo takan yi tauri, tabo yakan yi tauri, kumburin daji ma haka, kuma ƙwayoyin da ke wurin suna jin taurin suna canza hali.

Aikin da aka ba ni mai sauƙi ne a baki. Zan haɗa wani ruwa da ke daskarewa ya zama jel, abu mai kama da madidi amma garai-garai. Wani in yi shi da laushi kamar ƙwaƙwalwa, wani da tauri kamar guringuntsi. Ana ɗiga ruwan a kan ɗan faifan gilashi, a rufe da wani gilashin har ya kama, sannan a ɓare na saman a zuba ƙwayoyi a kai, a saka a akwatin ɗumi. Washegari a duba a ɗauki hoto. Kowa ya san abin da ya kamata a gani: na kan mai laushi a dunƙule, na kan mai tauri a baje. Sai na nuna zan iya wannan kafin a ba ni ainihin bincike.

Na yi ƙoƙarin yi wa Baba bayani a waya. Ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni ko ana ba su ruwa. Na ce ana ba su ruwa mai abinci a ciki. Ya ce ana duba su kullum? Na ce kullum. Ya ce to ashe noma na je yi a ƙasar Turawa, da na faɗa tun farko da ya yanka mini fili a gonar bayan gari. Na ji Inna tana dariya daga nesa. Da muka ajiye waya na daɗe zaune a bakin katifa ina kallon takalman mutane suna wucewa.

Wanda aka haɗa ni da shi ya koya mini aiki shi ne Emre, ɗalibin digiri na uku da ya kusa gamawa. A can ana ce wa wanda ya girme ka abi, daidai da yaya a wurinmu, don haka Emre abi nake ce masa. Mutum ne mai barkwanci, ya sa mini suna Hafız saboda ya ga ina fita salla. Sau ɗaya ya nuna mini yadda ake yin jel ɗin, yana yi yana waya, hannunsa na gudu. Ya miƙo mini takardar da aka rubuta ma'aunin komai, ya buga kafaɗata ya ce ko ƙanwarsa ta firamare za ta iya.

A nan ne abin ya fara, ko in ce a nan nake zaton ya fara. Kwalbar sinadarin da ake haɗa jel da shi ƙarama ce, kuma na same ta ta yi ƙasa da rabi. Hojam kuwa ba ta zama taro ba ta yi ƙorafin kayan aiki ba: daga waje ake sayo su, suna daɗewa a hannun kwastan, kuɗin ƙasar kullum faɗuwa yake. Na duba ma'aunin da ke takarda, na duba kwalbar, na ga in na bi shi yadda yake, ni baƙon da ya zo jiya ni zan ƙarar musu da ita.

A jami'ar da na yi digirin farko a gida, kwalba ɗaya aji guda ke rabawa, wani lokaci har da ajin da ke bayanmu. Mai kula da ɗakin gwajinmu yakan tsaya a kanmu yana maimaita magana ɗaya: ɗigo kaɗan, sannan ka danna. Kana ɗiga ɗan mitsitsi a kan gilashi, ka ɗora marfin, ka danna shi a hankali da bayan hantsaki, ruwan ya bazu har gefe-gefe. Wanda ya iya wannan shi ne gwani, ni kuwa har misali ake yi da ni. Ban da haka, a gidanmu an koya mana cewa baƙo ba ya suɗe kwano. Sai na rage yawan haɗin, na rage ɗigon, na riƙa dannawa. Jel ɗina yana fitowa sumul, ba kumfa, ba tsaga. Ban gaya wa kowa ba, domin a ganina tattali ba abin da mutum zai je yana sanarwa ba ne.

Ranar da na fara duba ƙwayoyina, na ga na kan mai tauri sun baje yadda ake so. Na sauya faifai na saka mai laushi. Su ma sun baje. Na ɗauka na rikita faifan ne, na sake. Haka dai. Na sake haɗi, na canza ruwan abincinsu, na karɓi sababbin ƙwayoyi, na wanke gilasai har fatar yatsuna ta fara saɓulewa. Duk abin da ya zo mini a rai na canza shi, ban da ɗigon, don ko sau ɗaya bai zo mini a matsayin abin zargi ba. Shi ne ma abin da nake ganin na fi kowa iyawa.

Ana haka sanyi ya shigo. Ban taɓa sanin sanyi yana shiga haƙori ba sai a garin nan. Ƙanƙara ta rufe tagar ɗakina, takalman ma na daina gani. Na kamu da tari. Abincinsu ba laifi, amma akwai ranar da na tsaya a layin gidan cin abinci na jami'a na ji ba abin da nake so a duniya sai tuwon dawa da miyar kuka mai daddawa, har na fita daga layin ban karɓi komai ba. A waya kuwa kullum cewa nake komai lafiya.

A kusa da inda nake jiran bas na farko akwai wani tsoho mai gidan burodi. Ba ya jin Turanci, ni kuma Turkancina bai wuce gaisuwa ba. Wata safiya ya ga ina karkarwa, sai ya fito ya kama hannun rigata ya ja ni ciki, ya zaunar da ni kusa da tanda, ya miƙo mini shayi a ɗan kofin gilashi. Ya nuna ƙafata, ya girgiza kai. Washegari ya ba ni safa ta ulu, irin saƙar hannu. Na yi ƙoƙarin biya, ya ɗora hannu a ƙirji ya ɓata rai. Tun daga ranar, in ya hango bas ta taho sai ya ƙwanƙwasa gilashin shago da zobensa in fito. Har yau ban san sunansa ba, shi ma bai san nawa ba. Kano yake ce mini.

A taron mako Hojam takan dubi hotunana ɗaya bayan ɗaya. Da farko ta ce in sake. Daga baya ta fara tambaya ko na tabbata ban haɗa faifan wuri ɗaya ba. Amsata kullum ita ce ina jin ban haɗa ba, amma mai yiwuwa ne. Na lura wannan amsa tana ɓata mata rai, ni kuwa ban iya ce wa malami na tabbata ba alhali akwai ko da ɗan kokwanto. Wata rana ta ce mini a gaban kowa saura ɗan lokaci ta rubuta wa kwamiti, kuma ba ta da abin da za ta rubuta.

Bayan taron Emre abi ya ja ni wajen shan shayi. Ya fara da tsokana, ya ce ƙwayoyina ma 'yan Afirka ne, duk inda aka ajiye su sai su shimfiɗa tabarma. Na yi dariya don ya girme ni. Sannan ya rage murya ya tura mini ɗan filashi, irin na ajiye hotuna daga kwamfuta, a kan tebur. Ya ce tsofaffin hotunansa ne na jel mai laushi, bai taɓa nuna wa kowa su ba, ƙwayoyin a dunƙule kamar ƙwai.

"Hafız, ba ƙarya za ka yi ba. Amsar nan an san ta tun kafin ka shiga jami'a. Hoto kawai take so. Ka wuce wannan, ka gyara hannunka daga baya."

Na ce zan yi tunani. Ya ce tunanin me, ko ina so in koma ƙauye in ce musu jel ya kore ni. Ba na jin da mugunta ya yi. Ina ganin tausayina ya ji, kuma yana tsoron a ce bai koya mini da kyau ba. Na ɗauki filashin na sa a aljihu, domin ban san yadda ake mayar wa babba kyauta a fuskarsa ba.

Filashin ya kwana biyu a aljihuna. Na buɗe shi sau ɗaya, kuma hotunan suna da kyau ƙwarai. Na riƙa kawo wa kaina hujja: ba wanda zai cutu, ba magani za a yi da su ba, gaskiyar kimiyyar ba ta canza ba. Ranar Juma'a na je masallaci da shi a aljihu, ban fahimci huɗuba ba sai ayoyin da liman ya jawo, amma duk sujada sai na ji ɗan ƙarfen yana tokare mini cinya. Ba zan ce tsoron Allah kaɗai ya hana ni ba, ko da yake ina fatan yana ciki. Akwai kuma tsoron a ba ni babban aiki bayan haka, hannuna bai gyaru ba, in zama kullum sai na nemi filashin wani.

Ranar taron ƙarshe na nuna hotunana, nawa na kaina, ƙwayoyin duka a baje. Emre abi ya dubi silin. Na ce ban san dalili ba, na gwada abin da na iya. Hojam ta cire tabarau ta murza idanu. Na ɗauka sallamata za ta yi a nan take. Sai ta miƙe.

"Taso. Yi mini guda ɗaya ina kallo."

Muka shiga ɗakin gwaji, sauran ɗalibai suka biyo mu suka tsaya daga baya. Na sa safar hannu, na haɗa ruwan. Na ɗiga ɗan ɗigona, na ɗora marfin, na ɗauki hantsaki na danna. Ruwan ya bazu har gefe, tsaf. Har na ɗan ji daɗi, don ya fito da kyau.

"Tsaya," in ji ta. "Me ka yi yanzu?"

Na ce dannawa na yi don ya kai ko'ina. Ta tambayi yawan abin da na ɗiga, na faɗa. Ta dubi Emre abi, shi kuma ya ɗaga kafaɗa ya ce takarda ya ba ni. Ta ɗauki faifan ta kai ƙarƙashin madubi ta auna kaurinsa, ta daɗe ba ta ɗago ba. Da ta ɗago ba faɗa ta yi ba, bayani ta yi, a hankali, kamar mai yi wa mara lafiya magana. Ta ce jel ɗina mai laushi ne da gaske, haɗin daidai yake. Amma ya yi siriri fiye da kima. Ƙwaya idan ta ja, ba saman kaɗai take ji ba, jan yana ratsawa ƙasa. In jel ɗin yana da kauri, laushi za ta ji. In siriri ne, jan zai kai ga gilashin da ke manne a ƙasa, shi kuwa ba ya motsi. Ta ce in shimfiɗa zani a kan dutse in zauna, in gaya mata ko zanin nake ji ko dutsen. Duk watannin nan ƙwayoyina gilashi suke ji, kuma gaskiya suke faɗa mini.

Sannan ta tambaye ni dalilin da ya sa ban bi ma'auni ba. Na nuna kwalbar, na ce na ga ta kusa ƙarewa, kuma na ji tana cewa kaya suna wahalar samu, ban so a ce ni na ƙarar ba.

Ta yafito ni da hannu, muka bi baranda zuwa wani ɗakin sanyi da ban taɓa shiga ba, don ba a taɓa aike na can ba, ni kuma ban taɓa tambaya ba. Ta buɗe ƙofa ta nuna mini kanta. Kwalabe ne irin tawa a jere, manya, yawancinsu ba a ko ɓalle hatiminsu ba. Ƙaramar da nake lallaɓawa daga cikinsu ake cika ta duk lokacin da ta ƙare. Na tsaya ina kallonsu. Abin da ya zo mini a rai ba kwamiti ba ne, ajinmu ne na gida, mu da yawa a kan kwalba guda, da mai kula da ɗakin gwajin nan yana zagaya mu yana cewa a rage. Ban san ko kunya nake ji ko haushi ba, ban kuma san wa zan ji haushinsa ba.

A ofishinta ta gaya mini matsayata ba tare da kwana-kwana ba. Ba za ta iya rubuta cewa na ci gwaji ba, don ban ci ba. Ba za ta kuma rubuta a kore ni ba, domin na kawo mata abin da na gani ne, ba abin da take son gani ba. Za ta roƙi kwamiti su ƙara mini zango ɗaya, zuwa bazara. Watannin da suka wuce sun tafi, dole in yi aikin shekara a cikin abin da ya rage, kuma ba ta yi mini alkawarin komai bayan nan ba. Ta ƙara da cewa daga yau in zan canza ko da ɗigo ne, in buɗe baki in faɗa. Na yi godiya. Ban ambaci filashin ba, kuma har yanzu ina tambayar kaina ko shirun nan daidai ne.

Na mayar wa Emre abi kayansa a wajen shan shayi. Ya karɓa ya jefa a jaka, ya ce da na ji maganarsa da ba wanda ya san ni da wannan abin kunya, yanzu ga shi har shi na jawo wa kallo. Tun daga nan ya daina ce mini Hafız, ya koma kirana da cikakken sunana. Kwamiti sun amince da zango ɗayan. Na gaya wa Baba an ƙara mini lokaci, ya yi hamdala, ina jin ya ɗauka ƙarin girma ne, ni kuma ban gyara masa ba.

Safiyar da na koma aiki Hojam ta zo da kanta ta tsaya a bayana. Na haɗa ruwan cikakke yadda takarda ta ce. Na ɗiga babban ɗigo, ya taru a kan gilashin kamar zai zube, na ɗora marfin, na janye hannuna na ɓoye shi a baya don kada ya danna. Na gama faifan duka, sai ga saura a gindin kwalbar haɗi, wanda a gida zai ishi mutum goma. In an riga an haɗa shi ba ya ajiyuwa, nan da nan yake daskarewa. Na san haka sarai. Duk da haka na kai shi bakin kwandon shara na tsaya, ina juya shi a hannu, ina duba ko akwai wani faifan da ya rage.

"Habibu," in ji Hojam. "Zubar."

Na ce to, Hojam. Na saki.